Akwatin da Ba Komai a Cikinsa

A ofishin 'yan albasa, bayan tashar Aboabo,
tebur shida, allo shida, fanka ɗaya mai tari.
Ƙarƙashin kowane allo, ɗan akwati baƙi
da bai kai sandar sabulu ba.
Ba ya gurnani, ba ya zafi,
wutar da yake ci ba ta kai ta ƙwan lantarki ba.

Ranar da Ebo ya kawo su a jakar goyo
Alhaji Gado ya auna ɗaya a tafin hannu
yadda yake auna albasar Galmi,
ya ce, "Yaro, wannan ai fanko ne.
Sidi nawa na zuba a kan iska?"
Ebo ya amsa da Hausarsa ta Nima:
"Taga ce, Alhaji. Ɗakin yana Akra."

Ban taɓa ganin ɗakin ba.
An ce hawa na huɗu ne, sanyi har ƙashi,
uwar garke na numfashi dare da rana,
cikinta bashin Lantana na buhu arba'in,
da kuɗin mota daga Paga,
da sunan kowane ɗan dako.

Kullum da safe in ajiye kokona da ƙosai,
in buga kalmar sirri,
sai teburina ya taso daga bakin teku,
ya wuce Nsawam, ya wuce Nkawkaw,
tafiyar da bas ke yi a awa biyar,
ya iso kafin kokon ya huce.
Takardar da na bari jiya tana nan a buɗe,
a kan bakwan da ban ƙarasa ba.

In hadari ya haɗu ta wajen Asawase
sai harafi ya riƙa nawa.
In danna, in jira,
kamar mai sallama a ƙofar kurma.

Wata Laraba kibiyar ta motsa da kanta.
Na ɗauke hannu daga linzami, tana tafiya,
ta buɗe nan, ta rufe can.
Barau mai shara ya yar da tsintsiya yana a'uziyya.
Waya ta yi ƙara:
"Nasiba, ni ne, kar ki taɓa. Ina gyara manhaja."
Na naɗe hannu ina kallon
yatsun mutumin da ba ya nan.

Daren Asabar ɓarawo ya shigo ta rufi.
Ya bar fanka, ya bar buta,
ya kwashe akwati uku.
Alhaji ya zo ba hula, yana salati,
lissafin shekara tara, in ji shi, ya bi dare.
Na jawo na teburin Atika, na jona, na buga kalmata.
Ga Lantana da buhunta arba'in,
ko ɗaya bai ragu ba.
Har tausayin ɓarawon na ji:
ya saci taga, yana yawo da ita a Kejetia
yana neman mai sayen abin da ake hangowa.

Lantana kuwa, da labari ya kai mata,
cewa ta yi ɓarayin zamani ba su iya aiki ba.

Ƙarfe biyar nake kashe allo.
Fuskata ce ke saura a baƙin gilashi.
In hau trotro, waya a cinya,
ina jiran takwas ta yi,
Mutawakilu ya tashi aiki a Doha.
Shekara uku ke nan hoto da murya,
wani dare muryar ta riga leɓe isowa,
wani dare fuskar ta daskare yana tsakiyar dariya.

In ya ce, "Kin ci abinci?"
sai in ga hannuna ya miƙe wajen kwano,
ban kuwa aike shi ba.